Amsa ga Hajiya kan man kifi da idon Baba

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ba Baba lafiya. Kin ce ya haura saba'in, yana ganin mutum tsaye amma fuskar ta dushe masa, kuma wani mai kemis ya ce ƙwayoyin omega-3, wato na man kifi, za su dawo masa da gani. Na yi jinyar irin wannan ciwo da mahaifiyata, shi ya sa na kasa yin shiru.

Ki riƙe kuɗinki tukuna, ki kai shi a duba bayan idon. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a nan Sakkwato. Za a ɗiga masa magani ƙwayar idon ta buɗe, likita ya leƙa ciki. Yawancin tsofaffinmu da ganinsu ya ragu, yanar ido ce ko hawan jinin ido, kuma man kifi ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu.

In kuwa an ce makula ce ta lalace, to ɗan wuri ne a tsakiyar tantanin bayan ido, da shi ake karatu da gane fuska da zura zare a allura. Inna takan zagaye gida ba ta yi tuntuɓe ba, amma in ta buɗe Alƙur'ani, kalmar da ta zuba wa ido ita ce ke ɓacewa, na gefe suna nan. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Maganar mai kemis ba ta rasa tushe ba. Ƙwayoyin halittar da ke karɓar haske a wannan tantani cike suke da wani kitse da ake kira DHA, ɗaya daga cikin omega-3, kuma kaɗan jiki ke iya haɗawa, sauran sai daga abinci. An kuma lura cewa masu yawan cin kifi ba su cika kamuwa da ciwon ba. Sai dai da Cibiyar Ido ta Ƙasar Amurka ta gwada ƙwayoyin man kifin a kan mutum sama da 4,000 tsawon shekara biyar, a binciken AREDS2 da ya fito a 2013, omega-3 bai rage ci gaban ciwon ba. Haɗin bitamin C da E da zinc ne aka tabbatar tun 2001 yana rage haɗarin tsananta da kusan kashi 25 cikin ɗari, daga baya aka ƙara masa lutein da zeaxanthin, sinadaran da ake samu a ganyaye. Shi ma ga mai matsakaicin ciwo ne, kuma ba ya dawo da abin da ya riga ya tafi. Likita ne zai ce ko Baba ya cancanta.

Ni dai kifin kansa na fi yarda da shi. Titus, shawa ko sardin na gwangwani, sau biyu a mako. Tarwada da karfasa namu na Rima abinci ne mai kyau, amma wannan kitsen nasu bai kai na kifin teku ba. Ki haɗa masa da kwaɗon zogale, miyar alayyahu da gwaiduwar ƙwai, nan lutein yake. In yana shan taba, ku lallaɓa shi ya bari, don ita ce babbar mai rura ciwon.

Abin da nake roƙonki, ki sa shi ya riƙa rufe ido ɗaya yana kallon bakin ƙofa ko layin bulo, sannan ya sauya. Ranar da ya ce miƙaƙƙen layi ya karkace, ko wani duhu ya fito a tsakiya, kada ku jira ƙarshen wata. Alama ce ta nau'in ciwon makula da jijiyoyin jini ke yoyo a bayan ido, mai cinye gani cikin makonni, kuma allurar da ake yi a idon tana tare shi in an je da wuri.