An kwashe wa mangwaron gidana ɓawo, ina zargin maƙwabci: me doka ta ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a wata unguwa a cikin Kano. A tsakar gidanmu akwai mangwaron da marigayi maigidana ya dasa, yanzu ya haura shekara 30. Shi ne inuwarmu, kuma duk shekara nakan sayar da 'ya'yansa in rage hidimar marayu. Mun tafi biki ƙauye, da muka dawo sai muka tarar an kwashe ɓawonsa zagaye da adda, an kuma tuttula baƙin mai a gindinsa. Akwai sawun ƙafa a jikin katangar da ta raba mu da maƙwabcinmu. Mutumin nan ya daɗe yana ƙorafin ganye na toshe masa kwata, saiwa kuma tana tsaga masa katanga, har ya taɓa cewa in ba mu sare ba shi ya san abin da zai yi. Babban ɗana ya rantse sai ya rama. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya ba ki haƙurin wannan ɓarna. Kina da haƙƙi, kuma doka ta ba ki hanya biyu ta bin sa: ƙarar laifi da ƙarar neman diyya. Sai dai duka biyun a kan hujja suke tsayawa, abin da ke hannunki yau kuwa zato ne mai ƙarfi, bai kai hujja ba tukuna. Aikin makon nan shi ne mayar da zaton nan hujja.

Kafin komai, a riƙe yaron nan. Ranar da ya taɓa kayan maƙwabcin, ko ya tsaya a ƙofar gidansa yana cika baki, ranar ce mai ƙara zai koma wanda ake ƙara. Barazana laifi ce a sashe na 396 da 397 na Final Kod, wato kundin dokar laifuffuka, ɓata suna kuma yana sashe na 391 da 392. Saboda haka ke ma kada ki ambaci sunansa a gidan biki, ko a Facebook, ko a zauren WhatsApp na unguwa, cewa shi ya aikata. Ki faɗi abin da idonki ya gani da abin da kunnenki ya ji, a gaban hukuma kawai.

Itacen nan naku ne a doka, babu tantama. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, amma sashe na 15 ya ce abin da mai takardar mallaka ya raya a kan filin nasa ne shi kaɗai, sashe na 51 kuma ya lissafa itatuwa masu daɗewa cikin abubuwan da ake raya fili da su, tare da gini da shinge da rijiya. Ko ma babu takardar gwamnati, ƙarar kutse a kan wanda ke zaune a wurin take ginuwa; Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Amakor da Obiefuna a 1974. In ba a raba gado ba, abin da ya fi aminci shi ne ki shigar da ƙara da sunanki a madadin sauran magada, manyan cikinsu su sa hannu cewa sun yarda, don kada lauyan ɗaya ɓangaren ya ɓata watanni yana tambayar wa ya aiko ki.

Yanzu hujja. Kada a share gindin itacen, kada a wanke katangar, kada a sare shi tukuna. A ɗauki hoto da bidiyo daga nesa yadda za a ga itacen da katangar tare, sannan daga kusa: faɗin inda aka kwashe ɓawon, a ɗora awo a jiki, da saran addar, da guntayen ɓawon da suka zube, da sawun. A ɗebi ƙasar da ta sha man a zuba a kwalba mai tsabta a gaban mai unguwa da wani dattijo guda, a rufe, a rubuta kwanan wata. Wayar da aka ɗauki hotunan a adana ta, kada a goge na asali, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman bayanin na'urar da ta fitar da hoto kafin kotu ta karɓa. Ki kuma duba tsofaffin hotunan suna da na Sallah. Sau da yawa itacen yana bayan mutane da ganyensa shar, kuma wannan ne zai nuna wa alƙali yadda yake kafin a taɓa shi.

Sai ki bi mutane a hankali. Mai gadin layi, 'yan sintiri, mai shayin da ke kaiwa tsakar dare, gidan da ke da kyamarar tsaro a ƙofa. Kyamarorin nan sukan share tsohon ɗauka da kansu, don haka a je yau, ba jibi ba. Maganar da ya yi ta cewa ya san abin da zai yi, wa ya ji ta ban da ke? In akwai, wannan mutumin shaida ne mai daraja. Kotu tana iya hukunci da alamomi ko ba wanda ya gani da ido, amma sai alamomin sun haɗu sun nuna mutum ɗaya, ba su bar ƙofar cewa wani ne ba. Sawu a katanga yana nuna ta inda aka shigo, bai faɗi wanda ya shigo ba. In kuma aka gano ɗan aike ya sa, to mai sawa da mai aikatawa duka doka tana kama su.

A cikin kwanakin nan ki kira malamin daji ko malamin gona ya duba itacen ya rubuta rahoto mai sa hannu. Ina nanata wannan don dalili biyu. Na farko, ganyen zai iya yaudararki. Ruwa ta cikin itacen yake hawa, abincin da ganye ke haɗawa kuwa ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. In aka yanke ɓawon zagaye, ganye yana iya zama kore har tsawon watanni alhali saiwar tana mutuwa da yunwa. Wanda ake zargi zai nuna wa alƙali koren ganye ya ce ai ba abin da ya samu itacen, rahoton gwani ne zai ba shi amsa. Na biyu, ana iya ceto shi in an yi sauri. In akwai sauran ɓawon da ya haɗa sama da ƙasa, yakan warke. In babu, masu auren itatuwa sukan haɗa saman ciwon da ƙasansa da ƙananan rassa, a kuma kwashe ƙasar da ta gurɓata a zuba sabuwa. Doka tana son wanda aka yi wa ɓarna ya yi abin da zai iya don rage asarar, kuma duk abin da kika kashe a nan zai shiga lissafin diyya muddin akwai rasit.

Ta fuskar laifi, abin da aka yi miki ɓarna ce da gangan, sashe na 326 na Final Kod, hukuncinta a sashe na 327: ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 2, ko tara, ko duka biyu. Shiga harabar wani da niyyar aikata laifi kutse ne a sashe na 342, haura katanga cikin dare kuma yana iya ɗaga tuhumar zuwa fasa gida, wanda hukuncinsa ya fi nauyi. Da an sare itacen an tafi da iccen, da sata ma ta shigo. In a kotun Musulunci aka gurfanar da shi, Dokar Laifuffuka ta Shari'a ta Kano ta 2000 za a yi aiki da ita, lambobin sassanta daban ne, amma laifin yana nan. Masu karatu a Kaduna su lura cewa jiharsu ta sake kundinta a 2017, nasu lambobin ma sun canza.

Ki kai ƙorafi a rubuce ga DPO na yankinku, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Wataƙila a ce miki wannan rigimar maƙwabta ce, ku je ku sasanta. Ki amsa cikin ladabi cewa ba bashi kika zo karɓa ba, haura miki gida aka yi aka lalata dukiya. In abin ya ƙi motsi, kina iya rubuta wa kwamishinan 'yan sanda, ko lauyanki ya shigar da ƙorafi kai tsaye gaban majistare. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne sashe na 78 na Final Kod ya ba kotu ikon sa wanda aka samu da laifi ya biya diyya ga wanda ya cuta, ƙari a kan hukunci ko a madadinsa. Ki tuna wa mai gabatar da ƙara ya roƙi wannan, domin tara aljihun gwamnati take tafiya, ba naki ba.

Ƙarar diyya kuwa ta fi sauƙin tabbatarwa, don rinjayen hujja ake nema, ba kawar da duk wani kokwanto ba. Amma a nan ne masu gaskiya suka fi faɗuwa, saboda lissafi. Alƙali ba zai ba ki kuɗin 'ya'yan mangwaro don kin ce kina samu ba. Sai an rubuta adadin a takardar ƙara, an kuma tabbatar da shi: kwando nawa a shekara, nawa ake saye, ga mai sarin da ya saba zuwa ya tsaya ya faɗa. Haka kuɗin jinyar itacen, da kuɗin sarewa da tone kututture in ya mutu, da kuɗin sabon dashe da rainonsa. Mai ƙiyasin kadarori mai rajista zai iya kimanta darajar itacen da abin da gidan ya rasa. Inuwar da kika rasa da keta miki haddin gida suna shiga diyyar da alƙali ke yankewa bisa ganinsa. Gaskiyar da ya wajaba in faɗa miki ita ce, ba kotun da za ta biya ki shekara 30, kuma abin da za a yanke zai iya gaza abin da ke ranki. Ki auna shi da kuɗin lauya da zirga-zirga tun kafin ki fara. Lauyanki zai iya roƙon umarnin kotu na hana shi sake kusantar itacen har a gama shari'a. In rigimar ta juye ta zama ta iyaka, kuma gidan yana da takardar gwamna, to sashe na 39 na dokar 1978 ya ce Babbar Kotu kaɗai ke da hurumi.

Ki shirya jin nasa ɓangaren, domin ƙorafinsa ba banza ba ne gaba ɗaya. A dokar da muka gada daga Ingila, tun shari'ar Lemmon da Webb ta 1894, maƙwabci yana da damar datse reshen da ya leƙo cikin gidansa daidai kan iyaka, da sharaɗin bai taka naka gidan ba, kuma abin da ya datse na mai itacen ne. Fiƙihun Malikiyya ma bai bar batun ba. Littafin Tuhfa, wanda alƙalanmu ke aiki da shi kullum, yana da fasali guda a kan cutarwar itatuwa: abin da ya fita daga sararin mai shi ana yanke shi, in katanga ta riga itace, ana cire abin da ke cutar da ita, in itacen ne ya riga katangar, zance mafi shahara shi ne a bar shi. Saboda haka ki binciko wanne ya riga, dashen ko ginin. Duk da haka, ba doka ko fiƙihun da ya ba shi izinin haura katanga ya kashe itacen daga gindi. Hanyarsa ita ce mai unguwa ko kotu. Littafin Risala ya ce wanda ya halaka kayan wani ƙimarsa tana kansa, hujja kuma a kan mai da'awa take, rantsuwa a kan wanda ya musa. Ma'ana, in kika je kotun Musulunci hannu rabbana, yana iya rantsewa ya tafi.

A nawa ganin, ki tattara hujja, ki shigar da ƙorafi don a samu tarihinsa a rubuce, sannan ki bar ƙofar sulhu a buɗe. Katanga ɗaya ce tsakaninku, 'ya'yanku kuma za su gaji maƙwabtakar nan. Mai unguwa da dagaci, da Hisbah, da cibiyar sasanci ta Babbar Kotun Kano da ke aiki tun 2009, duk suna iya zaunar da ku. Amma sulhun kada ya zama na "a yi haƙuri" da baki. A rubuta nawa zai biya da ranar biya, da cewa ba zai sake taɓa itacen ba, ke kuma ki ɗauki nauyin rage rassan da suka leƙa gidansa da duba batun saiwar. Shaidu su sa hannu, in akwai ƙara a gaban kotu a kai mata yarjejeniyar ta mayar da ita hukunci. Kada ki janye ƙorafi sai kuɗin sun shiga hannunki.

In malamin daji ya tabbatar itacen ba zai rayu ba, kada ki bar shi ya bushe a tsaye. Busasshen reshe in ya faɗa kan rufin maƙwabci ko kan yaro bayan kin san halin da yake ciki, ke za a tambaya. A sanar da ɗan sanda mai bincike ko kotu, a sake ɗaukar hoto, a ajiye guntun da ke ɗauke da saran, sannan a sauke shi. Ƙarar diyya tana da wa'adi a doka, don haka ki ga lauya da takardun gidan da rahoton gwanin cikin watan nan. In kuɗin lauya ya yi miki nauyi, ki tuntuɓi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke Kano, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ki ji taimakon da za su iya yi miki.