Sankarar mama ta kai ƙashi: akwai sauran magani?

Tambaya: Ina rubutowa daga unguwar Zariya, Maradi. Inna tana da sankarar mama, likita ya ce ta bazu zuwa ƙashin baya, aiki ba zai yi amfani ba. Ke nan an sallame mu?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Inna sauƙi. Ba a sallame ku ba. Idan cutar ta kai ƙashi, hanta ko huhu, ba a sa ran tumɓuke ta, amma ana danne ta, wata mace ta yi shekaru tana harkokinta.

Ki tambayi likita me gwajin tsokar da aka ɗiba daga ƙarin ya nuna, domin shi ke zaɓen magani. In cutar tana ci da sinadarin mace ne, ƙwaya ɗaya kullum, tamoxifen, ko letrozole ga wadda haila ta ɗauke wa, kan riƙe ta. In tana gaggawa, sai shimiyo, wato maganin daji da ake sa wa ta jijiya, galibi duk kwana 21. Masu HER2, wato wani sinadari da ke sa cutar saurin girma, ana ƙara musu maganin trastuzumab, sai dai tsada. Ciwon ƙashi kuma gashi da hasken na'ura na kwantar da shi, kuma tun 2021 ana yi a cibiyar yaƙi da cutar daji ta Yamai.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, abin da ya fi ci mini rai shi ne uwa ta kwana tana cije zane, 'ya'ya sun ɓoye kwalbar mofin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, don tsoron kada ta saba. In an rubuta mata, ki ba ta bisa agogo, duk awa 4, kada ki jira sai ta yi nishi. Ki haɗa da maganin sassauta ciki, don mofin na ɗaure bayan gida.

Gyambon nono ki wanke da ruwan gishiri na asibiti, ki jiƙa bandeji kafin ki ɓare don kada ya yi jini. Kada a shafa masa toka ko garin sassaƙe. In yana wari, ana niƙa ƙwayar maganin metronidazole a barbaɗa; sau da yawa warin ne ke korar 'yan dubiya, kaɗaicin kuwa yana cin mara lafiya.

Abu biyu ba sa jiran gari ya waye: zazzaɓi ya kai digiri 38 bayan shimiyo, ko ƙafafunta su rasa ƙarfi fitsari ya tsaya. Wannan na biyun alama ce ƙashin ya danne laka, ku nufi asibiti a daren.