Tambayi Likita: Auna Oksijin a Jini Lokacin Tuƙa Jirgin Sama

Likita, barka da aiki. Ina koyon tuƙin ƙaramin jirgi, malamina ya matsa sai na maƙala na'urar auna oksijin a yatsa in mun yi sama. Ni kuwa garau nake jin kaina. Dole ne?

Malam, bi maganar malaminka. Ƙarancin oksijin ba ya sallama kafin ya shigo. Mutum yakan ji nishaɗi, har da 'yar dariya, alhali lissafinsa ya fara kwancewa: ya murɗa rediyo zuwa lambar da ba ita ba, a kira shi sau biyu bai amsa ba, farce ya soma shuɗi. Ƙwaƙwalwar da za ta gaya maka akwai matsala ita ce ta fara galabaita, don haka ba a tambayarta.

Lafiyayye a ƙasa yana nuna kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari a na'urar. A tsayin ƙafa 10,000 yakan sauko wajen 90, saboda matsin iska ya ragu. In ka ga lambar ta yi ƙasa da 90, sa oksijin ko ka rage tsayi. A Amurka, dokar FAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, ta wajabta wa matuƙi oksijin in ya wuce minti 30 sama da ƙafa 12,500, kuma daga 14,000 ba a cire shi. A ganina wannan mafi ƙarancin ƙa'ida ce. Mai shan taba ko mai tuƙa jirgi da dare kada ya jira ya kai can.

Na kunna hita a jirgi, kaina ya ɗau ciwo da jiri, amma na'ura ta nuna 98. Hankalina ya kwanta?

A'a, ɗan'uwa. Hitar ƙananan jirage daga bututun hayaƙin inji take samun zafi. In ya tsage, iskar kabon monoksaid na shigowa, ba launi ba wari, ta kama jini, na'urar kuma ta lissafa ta a matsayin oksijin. Kashe hita, buɗe mashigar iska, sa oksijin, ka sauka a filin jirgi mafi kusa ka ga likita. Ka sayi na'urar gano wannan iskar daban.

Gaskiya ne na'urar tana kuskure a kan baƙar fata?

Haka ne, Malama. Takan nuna lamba sama da ta gaskiya. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2021. Yatsa mai sanyi, jan farce da jijjigar jirgi ma suna rikita ta. Auna kanki a ƙasa kafin tashi, ki riƙa lura da yadda lambar ke sauka daga nan.