Kwamfutar nutso: wadda za a saya da wadda za a bar wa mai ita

Ga tambayoyin da mutane daban-daban suka yi, kowacce da amsarta a ƙasa.

Ni ɗaliba ce a Alƙahira. Na yi kwas ɗin farko na nutso da tukunyar iska a Dahab, aka ba ni shaidar sauka har mita 18. Malamin ya ce in nemi kwamfutar nutso tawa ta ɗaurawa a hannu, amma kuɗina kaɗan ne, kuma ina tsoron mai arha ta cuce ni a ƙarƙashin ruwa.

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, tsoron nan naki shi ake so ga mai nutso. Aikin kwamfutar ɗaya ne: tana auna zurfi da lokaci, ta ƙiyasta yawan naitirojin da jikinki ya sha, ta faɗa miki mintuna nawa suka rage kafin tsayawa a hanyar fitowa ta zama dole. Ta dala 250 da ta dala 1,000 duk wannan lissafin suke yi. Suunto Zoop Novo, Cressi Leonardo da Mares Puck Pro manya ne a hannu, ba su da kyan gani, amma makarantun nutso sun daɗe suna ba ɗalibai hayarsu, ga ƙwari ga manyan lambobi. Kowacce a cikinsu za ta kai ki mita 30 na kwas na biyu, har ma mita 40, iyakar nutson nishaɗi.

Ki duba cewa tana karɓar naitiroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin, domin ko ba yanzu ba za ki so shi. Ki tabbata tana yin ƙarar gargaɗi idan kika yi saurin tasowa, yawancinsu a mita 9 zuwa 10 cikin minti suke fara gargaɗi, kuma tana ƙirga tsayawar minti 3 a mita 5. Sai batir. Zoop Novo da Puck Pro suna cin CR2450, Leonardo kuma CR2430, kuma mai ita na iya canzawa da kansa. Leonardo da Puck Pro maɓalli ɗaya gare su, idan kika wuce abin da kike nema sai kin sake zagayowa. Ki latsa su a shago, wadda ba ta ba ki haushi ba ita ce taki.

Na ga agogo a intanet, an rubuta yana jure ruwa mita 50, yana nuna zurfi, kuɗinsa bai kai rubu'in na Suunto ba. Akwai kuma wani mai gwanjo da ke da tsohuwar kwamfuta ba kwali ba takarda. Wanne ya fi?

Malam, babu wanda ya fi, ka bar su duka. Rubutun mita 50 a bayan agogo gwajin ɗaki ne, ma'anarsa agogon zai jure alwala da iyo a saman ruwa. Ko agogon nutso na gaske, wanda ƙa'idarsa ta fara daga mita 100, lokaci kawai yake ba ka. Nuna zurfi ma ba shi ne aikin ba. Idan babu lissafin naitirojin a ciki, kuma kamfanin bai bayyana tsarin da yake bi ba, kamar Bühlmann ko RGBM, to abin ado ka saya.

Mutanenmu sun saba da jabun caja da jabun batir, ana saye ana cewa in ya lalace a sake wani. Wannan lissafin ba ya aiki a mita 30. Jabun caja idan ta mutu ka gani nan take. Kwamfutar da na'urar auna matsinta ta gurɓace kuwa tana ci gaba da nuna lambobi tsaf, ƙarya ce kawai take yi. Ga misali daga teburin PADI, ƙungiyar koyar da nutso: a mita 25 kana da minti 29, a mita 30 minti 20 kacal. Idan tana nuna 25 alhali kana 30, ta ba ka kyautar minti 9 da jikinka bai amince da su ba. Naitirojin ɗin da ya taru zai fito ya yi kumfa a jini da gaɓoɓi, kamar lemon kwalba da aka buɗe da gaggawa. Daga nan sai ciwon kafaɗa da gwiwa, sanyin hannu da ƙafa, jiri, wani lokaci shanyewar jiki. Maganinsa oksijin zalla da ɗakin matsi, wato ɗakin jinya da ake ƙara wa matsin iska, kuma ba kowane bakin teku ke da ɗakin ba. Mutum ya biya tikitin jirgi da otal da kuɗin kwas ba tare da ciniki ba, sai a kan abin da ke tsare masa laka ne zai tuna da tsimi.

Ban haramta ta hannu ba, amma da sharaɗi. A sayo ta daga wanda aka sani, a duba lambar jikinta, a buɗe tarihin nutson da ke ciki. A buɗe gidan batir: idan akwai tsatsa ko kore-kore, ruwan gishiri ya taɓa shiga, a mayar masa da kayansa. A canza batir tare da zoben robar da ke toshe ruwa, sabo, daidai girmansa, mai tsabta, domin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi a kan zoben ta isa ta shigar da ruwa. Sannan a kai ta shagon gyara a gwada ta a tukunyar matsi, ko a sauka mita 10 da ita tare da wata da aka yarda da ita a kwatanta. Wanda ya ƙi yarda a gwada kayansa ya riga ya ba ka amsa. Kuma kada a tsokani ramin na'urar auna matsi da allura wai ana cire gishiri. A jiƙa ta cikin ruwan daɗi bayan kowane nutso, a bar ta ta bushe a inuwa, ba a gaban mota ba.

Ni da maiɗakina tare muke nutso, ba ma rabuwa. Ba za mu sayi ɗaya mu riƙa duba ta tare ba?

A'a. Ko kuna riƙe da hannun juna, wani zai fi wani sauka da mita biyu, wani zai riga wani tasowa. Haka ma karɓa-karɓa, kai da safe ita da rana: kwamfutar tana riƙe da naitirojin ɗin wanda ya ɗaura ta da safe. In kuɗin bai kai biyu ba, ku sayi ɗaya ku yi hayar ɗaya, kowa ya riƙe tasa har ƙarshen tafiyar.

Ina aiki a Jidda, nakan yi nutso a Bahar Maliya ranar hutu. Kwamfutata tana nuna hoton jirgin sama bayan na fito, alamar kada a hau jirgi tukuna, ni kuwa mota zan hau zuwa Ɗa'ifa, ba jirgi ba. Ya shafe ni?

Ya shafe ka ƙwarai, ɗan'uwa, kuma madalla da ka tambaya kafin ka kama hanya. Ɗa'ifa tana kan tsauni da ya haura mita 1,500, matsin iska a can ya ragu sosai, jikinka kuwa bai san bambancin mota da jirgi ba. Shawarar DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, fiye da haka idan an yi tsayawar dole. Idan kwamfutarka ta ba da lokaci mafi tsawo, nata za ka bi. Haka ranar komawa gida: kada a yi nutson bankwana da safe a hau jirgin Kano da dare. Idan kuma ta kulle kanta saboda ka tsallake tsayawa, wasu awa 24 wasu 48, kada ka ari ta wani ka koma ruwa.

Kuɗi ba matsala ba ne. Ina son wadda ke nuna sauran iskar tukunya a hannu. Garmin ko Shearwater?

Ranka ya daɗe, duka biyun kaya ne masu kyau. Shearwater ta fi sauƙin karantawa a ruwa mai duhu, Garmin kuma agogo ce da za ka yini da ita a hannu. Na'urar da ake ɗaurawa a kan tukunya don ta aiko da adadin iskar zuwa hannu tana da nata batir, kuma saƙonta yakan yanke, don haka kada a cire ma'aunin iska mai allura. Idan za ka shaƙi naitiroks, ka auna yawan oksijin da ke cikin tukunyar da kanka ka shigar da adadin a kwamfutar: mai kashi 32 iyakarsa kusan mita 33, mai kashi 36 kusan mita 28. Ka kuma ajiye caja a jakar hannu, wasu daga cikin irin waɗannan cajarsu ta musamman ce, ba a samunta a kowane shagon waya.