Ku Tambaya Mu Amsa: Wai za a iya kafa zango a duniyar Mas?

TAMBAYA: Salamu alaikum Yaya. Ni mai gyaran waya ne a Kejetia, gidanmu na Aboabo. Jiya bayan isha'i gardama ta kaure a majalisarmu kan maganar Elon Musk da yake cewa zai kwashi mutane su je su zauna a duniyar Mas. Ni dai na ce ba wani abu bane, ai kakanninmu ma da ƙafa da jakuna suka taso daga Kano da Katsina zuwa Gwanja fataucin goro, suka kafa zango, ga mu nan har yau. Abokaina suka ce sambatu nake. Dan Allah raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Misalinka ya burge ni wallahi, amma fa a nan ya ɗan karkace. Madugu in ya sauke ayari a Salaga ai ya tarar da iska, ya tarar da rijiya, ga itace ga mai masauki, kuma da yaƙin 1892 ya tarwatsa garin sai mutane suka naɗe tabarma suka nufi wasu garuruwa, har da Kumasin taku. A Mas ba mai masauki, kuma in abu ya ɓaci ba gari na gaba.

Tafiyar ma kanta wata 6 zuwa 9 ce, kuma ba kamar motar haya ta trotro bace da in ta cika sai ta tashi, sai duniyarmu da Mas sun matso kusa da juna, wanda sau ɗaya ne duk wata 26. Ka manta magani ko wani ƙarfe ya karye toh sai ka jira shekara biyu da 'yan kai. Kai da ke harkar waya, saƙo ɗaya yana iya cin minti 20 kafin ya iso in sun yi nisa, kaga ba maganar kiran likita yana gaya maka yi kaza yi kaza.

Amma ni abin da yafi tsaya min a rai shine zaman. Iskar can kashi 95 cikin 100 irin wadda muke fitarwa ce in mun yi numfashi, kuma siririya ce ƙwarai, kaurinta bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba. Sanyi kuwa matsakaicinsa wajen digiri 60 ƙasa da sifili, mu da hunturun Disamba kaɗai ke sa mu neman rigar sanyi da man kaɗe. Ma'ana duk numfashin da za ka ja inji ne zai haɗa maka shi. Tuna lokacin dumso, in an ɗauke wuta ai sai dai mu yi tsaki mu ja benci waje mu sha iska, mai shayi ya kunna fitila hira ta ci gaba. Can in wuta ta ɗauke iskar ce ta ɗauke, kuma babu wajen da za a fita.

An fa gwada. Motar Perseverance da ta sauka a 2021 ta tafi da wata 'yar na'ura mai suna MOXIE mai tace oksijin daga iskar Mas, ta yi aiki kam, amma duk abin da ta haɗa har aka kashe ta a 2023 giram 122 ne, kwatankwacin abin da ɗan ƙaramin kare zai shaƙa cikin awa 10. Tun kafin nan ma, a 1991 an rufe mutum 8 cikin wani ƙaton gidan gilashi a Arizona ta Amurka, Biosphere 2, da gona da bishiyoyi da komai, wai su rayu shekara 2 ba abin da zai shiga daga waje. Yunwa ta rame da su, oksijin ya yi ta raguwa har ya sauko wajen kashi 14 sai da aka hura musu daga waje, rigima kuma ta raba su gida biyu. Wannan fa a doron ƙasa ne, asibiti na kusa.

Sai ƙura. Kai ka fi ni sanin abin da take yi wa wajen cajin waya. Guguwar ƙura ce ta rufe rana a 2018 ta kashe motar Opportunity bayan shekara 14 tana aiki. Ita ma InSight, wata na'urar bincike da aka sauke a Mas, wadda ɗan ƙasarmu haifaffen Accra, Dakta Ashitey Trebi-Ollennu, ya jagoranci aikin hannun da ya sauke na'urorinta kan ƙasar Mas, ƙura ce ta lulluɓe farantan solarta ta yi shiru a ƙarshen 2022. Ba wanda zai ɗau tsumma ya goge. Ƙasar kuma akwai wani gishiri mai guba a cikinta mai taɓa maƙoƙo, sai an wanke ta kafin a shuka ko alayyafo.

Jikin mutum ma da nasa ƙorafin, nauyinka can zai koma kashi 38 cikin 100 na nan, 'yan sama jannati kuwa ƙashinsu na zaizayewa wajen kashi 1 cikin 100 duk wata in suna inda ba nauyi, ga haskoki masu jawo kansa tunda Mas ba ta da irin garkuwar da ta lulluɓe duniyarmu, shi yasa ake maganar gina gidaje a ƙarƙashin ƙasa. Zara matar wata kam a bar zancenta, zafinta ya haura digiri 450.

Hukuncina: zuwa a leƙa a dawo, zai yiwu wata rana. Zango da mata da yara da makarantar allo, ban ga alamarsa kusa ba, wata ma da ke nan kwana 3 rabon da ɗan Adam ya taka shi tun 1972. Ka sayi shayin majalisa, abokanka sun fi ka gaskiya.

TAMBAYA: Ɗana, ni tsohuwa ce mai koko da ƙosai a Nima, jikata ce ta rubuta min. In mutum ya je can ina zai kalla ya yi salla, da wane ruwa zai yi alwala?

AMSA: Hajiya ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Fatawa ta malamai ce ba tawa ba, amma an taɓa yin makamancin haka. Da Sheikh Muszaphar Shukor ɗan Maleshiya ya je tashar sararin samaniya a 2007 cikin azumi, malaman ƙasarsu sun rubuta masa jagora: ya fuskanci Ka'aba in zai iya, in ba haka ba ya fuskanci duniya, lokutan salla kuma ya bi na inda kumbon ya tashi. A Mas yini ya fi namu da minti 39 kacal, amma wata biyu gare ta ƙanana, kin ga kwamitin ganin wata zai sha aiki. Ruwa kuwa akwai ƙanƙara a ƙarƙashin ƙasa sai an haƙo an narke, kuma a tashar sama yanzu haka kashi 98 na ruwansu sake tace shi suke, har gumi, har fitsari, ki gafarce ni Hajiya, shi ake mayarwa a dafa shayin safe.