Lada, Kala da Baiko: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Tambayoyin wannan karon daga 'yan'uwa Kirista na karkarar Kano da Jigawa suka fito, kuma kusan dukkansu a gona ko a kasuwa gardamarsu ta tashi.

Wani manomi daga ƙasar Sumaila ya ce: "Malam, mun yi musu da abokina a wajen gayya. Ya dage cewa 'Allah ya ce tashi in taimake ka' aya ce a Littafi Mai Tsarki. A wace sura take?"

Ɗan'uwa, kai ka ci musun. Ba aya ba ce, karin maganar Hausawa ce, Musulmi na faɗinta, Kirista na faɗinta, Bamaguje ma haka. Farawa da ta yi da "Allah ya ce" shi ya sa mutane suke ɗaukarta nassi. Ga kuma wani abin da ke ƙara ruɗu: a Tsohon Alkawari akwai littafi guda mai suna Karin Magana, wanda fassarar Hausa ta 1932 ta kira Misalai. Sai mutum ya ji fasto ya ce "in ji Karin Magana", ya kasa bambance ta Sulemanu da ta kakarsa.

Amma abokinka bai yi nisa da hanya ba. A sura ta 6 ta wannan littafin an tura rago ya je ya kalli tururuwa, wadda ba ta da shugaba a kanta amma tana tanadin abinci da kaka. Bulus ma ya gaya wa Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci, shi kansa kuwa da ɗinkin tanti ya riƙe kansa a Koranti. Abin da ya fi jan hankalina yana Farawa 2:15, inda aka sa Adamu a gonar Aidan ya nome ta, ya kiyaye ta, tun kafin ya yi laifi. Wato noma ba horo ba ne. Ƙaya da gumin goshi ne suka zo daga baya. Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita a wurin tushenta ɗaya da "ibada" da muka aro daga Larabci, kuma a harshen nasu tana ɗaukar noma, tana ɗaukar yi wa Allah hidima. Hausa ma tana da irin wannan a "bauta": ana bauta wa Allah, ɗan da ya gama jami'a kuma yana tafiya bautar ƙasa.

Inda ban yarda ba shi ne a jefi gajiyayye da wannan karin magana. Wanda yake da ƙafar tashi ake gaya wa "tashi". Na sha jin mai hali ya kori tsohuwa daga ƙofar gidansa da ita, wannan kuwa rowa ce kawai.

Wata uwa daga wajen Roni, 'yar zumuntar mata, ta ce ɗanta magini ne, ya karɓi kuɗin aiki ta waya ya cinye, yana ta yi wa mai gini yawo da hankali. Da ta yi masa faɗa da "kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski", sai ya ce lada ai na Allah ne, wannan kuɗin aiki ne. Tana son ta san wa ke da gaskiya.

Mama, ke ce. Lada a Hausa fuska biyu gare shi. Akwai wanda ake fata wajen Allah, akwai kuma abin da ake biyan mutum saboda wahalarsa, kamar ladan dako da ladan wanzami. Na biyun ne a karin maganar. Wanzami ya ga kan da ake ƙyama, ya miƙa hannu ya karɓi kuɗi. To daga nan ƙyama ta ƙare, sai aska. Ɗanki ya riga ya ci, saura aski. Turo kuɗin ta waya da aka yi, babu shaida a tsaye, bai rage komai daga nauyin ba.

Ki gaya masa kuma cewa addininsa ya fi matse shi a nan fiye da karin maganar. Koyarwar Kirista ta raba lada da alheri: a Romawa sura ta 4 an ce abin da ake ba ma'aikaci hakkinsa ne, ba kyauta ba, ceto kuwa alheri ne da ba a saya da aiki. Wasu matasa sukan ji rabin nan su saki jiki, su ce tunda ba aiki ke ceto ba, aikin hannu ba ruwansa da bangaskiya. Wasiƙar Yakubu ta rufe wannan ƙofar, domin ita ce ta ce bangaskiyar da ba ayyuka matacciya ce. Ita ce kuma, a sura ta 5, ta ce ladan masu girbin da mai gona ya danne yana kuka. Saboda haka hukuncin ya hau kan magini mai cin kuɗin mutane, ya kuma hau kan dattijon ikilisiya da zai ɗebi 'yan ƙwadago su yini suna yankan shinkafa, da yamma ya ce su dawo ran kasuwa. Littafin Firistoci ya hana ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki.

Wani abu a gefe: wannan karin magana ta tsufa da zamanin da kuturta ba ta da magani. A shekarun 1930 mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), wadda ikilisiyar ECWA ta fito daga cikinta a 1954, ta karɓi kula da masu cutar a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Yau ana warkewa sarai, maganin kuma kyauta ne. A faɗi karin maganar, amma ba a gaban wanda za ta sosa wa rai ba.

Tambaya ta uku daga wani saurayi ce mai noman shinkafa a wajen Kura. Ya yi hayar injin girbi, mahaifinsa ya ce lalle ya bar wa mutane kala. Ya ce shi kalar da ya sani ita ce ta yadi.

Ɗana, waccan ta yadi baƙuwa ce daga Turanci, launi ake nufi. Wadda babanka yake nufi ana jan wasalinta na farko, kuma ta girmi kakanka. Kala ita ce tsintar abin da ya rage a gona bayan mai ita ya kwashe nasa: ƙwayar gyaɗa da ta maƙale a ƙasa, zangarniyar da ta faɗi, waken da roro ya tsallake. Tsofaffi mata da yara su ne masu ita. Sharaɗinta ɗaya, sai mai gona ya gama. Wanda ya shiga kafin nan ɓarawo ne.

Babanka ba daga al'ada kaɗai ya ɗauko maganar ba. Firistoci 19 ta ce kada a girbe gona har gefenta, kada kuma a koma tsintar abin da ya zuba, a bar wa matalauci da baƙo. Maimaitawar Shari'a 24 ta ƙara da cewa damin da aka manta a gona kada a koma ɗaukarsa. A Littafin Rut ma, da kalar sha'ir a gonar Bo'aza Rut ta ciyar da surukarta. Abin da nake so game da kala shi ne ba ta sa mutum roƙo. Gwauruwa za ta duƙa da ƙwaryarta, ta tsinta da guminta, ta koma gida ba wanda ya ji muryarta. Yanzu da ake sayar da harawa da kara, har a yi cinikin gonar da makiyaya tun ranar girbi, kala tana neman ɓacewa. Shawarata, ka ce wa mai injin ya bar maka kunya biyu ko uku a gefe, ka kuma jinkirta shigar shanu kwana biyu.

Ta ƙarshe gajeriya ce. Wata budurwa daga ƙasar Karaye ta ce ta gaya wa ƙawarta Musulma cewa ta yi baiko ran Lahadi, sai ga mutane suna yi mata murna suna tambayar wane ne angon.

'Yata, duk biyun daga "ba" da "bayarwa" suka fito. A bakin yawancin Hausawa baiko shi ne iyaye su ba da yarinya ga wanda zai aure ta. A majami'a kuwa abin da mutum ya kawo da son ransa lokacin sujada ne, kuɗi ko damin dawa ko kaza a ranar godiyar kaka, dabam da zakka, wadda a wajen Kirista kashi ɗaya cikin goma ce. Nan gaba ki ce kin ba da baiko, kada ki ce kin yi, in ba haka ba 'yan unguwa za su fara tambayar anko.