Gyambon Bishiya: Me Ya Sa Magani Ya Ci a Turai, Ya Gagara a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce gyambon da ke kashe bishiyar cesnat (wata babbar bishiya mai 'ya'yan da ake ci) ya lafa a Turai, amma a Amurka ya ƙi jin magani, alhali kuwa fumfuna ɗaya ce. Ina dalili?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sunanta ɗaya, wato Cryphonectria parasitica, amma dangin sun bambanta. Asalinta gabashin Asiya ne, Japan da Sin, inda bishiyoyi suka saba da ita. Ta bi dashen da aka shigo da su, aka fara ganinta a gidan namun dajin Bronx na birnin New York a 1904, kuma cikin kimanin shekara 50 ta hallaka biliyoyin bishiyoyi. A Turai an fara ganinta kusa da Genoa ta Italiya a 1938. Takan shiga ta rauni, ta ci ƙarƙashin ɓawo har ta zagaye reshe, abin da ke sama ya bushe.

Abin da ya ceci Turai wani bairos ne, wato ƙwayar cuta, mai suna CHV-1, wanda ke kama fumfunar ya rage mata kaifi. Sai dai ba ya tsallakawa da sauƙi sai zaren fumfuna biyu sun haɗu sun manne, mannewar kuma tana hannun gurabe 6 na ƙwayoyin gado. Kowane gurbi siffa biyu gare shi, don haka ana iya samun rukuni 64. A yawancin dazuzzukan Turai rukunonin kaɗan ne, sai bairos ya yi ta yawo. A gabashin Amurka kuwa sun yi yawa, ko ina ya nufa sai ya tarar da ƙofa a rufe.

Gane rukuni ba wuya. A yanko ɓawo daga bakin gyambon, inda matacce ya haɗu da mai rai, domin tsakiyarsa wasu fumfunoni sun riga sun mamaye. A tsoma shi a barasar asibiti mai ƙarfin kashi 70, a dasa a faranti mai abincin dankali da sukari, a ajiye a zafin digiri 25 na mako guda. Fumfunar da ta fito da launin ruwan lemo galibi tana da cikakken kaifinta, fara kuwa galibi tana ɗauke da bairos. Daga nan a dasa biyu dab da juna: in sun haɗe, rukuninsu ɗaya, in wani layi ya shata tsakaninsu, sun bambanta.

Maganin shi ne a sa wa gyambo farar fumfuna ta rukuninsa don bairos ya tsallaka, kuma nan ne ake yawan kuskure: a huda ramuka kewaye da gyambo, a cusa farar fumfuna ta wani rukuni daban, aiki ya tashi a banza. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne shigo da dashe ko itace mai ɓawo daga wani yanki, domin baƙon iri na iya barbara da na gida, sababbin rukunoni su ɓullo, bairos ya rasa hanya a dajin da ya fara warkewa.